Yatsan Baba a Gilashin Mota

Babanmu direban babbar mota ne, amma ƙaramar da ya saya a kwali ta fi ƙarfinsa. Irin ta roba ce da ake haɗawa da gam, mai dogon hanci kamar wadda ya tuƙa tsakanin Makka da Jidda har idonsa ya mutu. Ya haɗa shasi, ya maƙala kan mota a karkace, ya dangwala babban yatsansa mai gam a gilashin gaba, sai ya yi tsaki ya tura kwalin ƙarƙashin gado. Bayan rasuwarsa Yaya ya ɗauki ragamar gidanmu na unguwar Mansur a nan Makka. Ni na ɗauki kwalin. Babu wanda ya yi min gardama.

Ban yi karatu mai nisa ba, takardar cikin kwalin ma hotunanta kawai nake bi. Amma na iya aikin. Na ɓamɓare tsohon gam da reza, na goge da samfefa, tayar da ta ɓata na sassaƙa wata daga murfin galan. Gilashin ne kaɗai ban taɓa ba. Idan ka karkata shi wajen haske, zanen yatsan Baba na nan layi-layi. Ba mu da hotonsa mai kyau, kabarinsa kuwa a nan ba a sa alama. Wannan ne abin da ya rage.

Duk shekara idan aikin Hajji ya matso, Yaya kan ba alhazai hayar gidan. Mata da yara su tafi wajen dangi, kaya a kwashe su zuwa saman bene a rufe da tamfol. Haka rabin unguwa ke yi. Ni kuma in tafi tuƙin wayit, tankar ruwa ke nan, in kwana a sansani har a gama. Kafin in tafi a waccan shekarar na ɗora kwalin a kan kwaba a ƙuryar ɗakina, na kulle, na ce wa Yaya ban da wannan ɗakin. Ya ce, "Halas, shi ke nan, na ji."

Ranar Arfa da azahar ina layin juye ruwa matata ta kira daga gidan mahaifiyarta a unguwar Zahir.

"Baban yara, kada ka tashi hankalinka."

"To kin riga kin tayar."

"Matar Yaya ce ta faɗa min yanzu. Alhazan sun yi yawa, ya buɗe ɗakinka. Kayanka suna sama tun ranar da suka sauka."

"Kwalin fa?"

Ta ce har da shi. Na dubi robar da ke gaban motata, wadda rana ta riga ta tsattsaga. Na san abin da zafin Makka ke yi wa roba. Na taɓa mance cokalin roba a mota, na dawo na same shi ya yi ruku'u.

Na ce ta je ta sauko da shi. Ta ce makullin bene na aljihun Yaya. Shi kuwa Yaya yana nan Arfa tare da ni, yana raba wa tantuna abinci. Na kira shi.

"Yaya, ina kwalina?"

"Ya shehi, yau Arfa! Mutane na kuka suna roƙon Allah, kai kana neman motar wasa?"

"Na ce maka ban da ɗakina."

"In bar baƙin Allah a titi saboda tarkacenka? Gemu ya yi fari, kana wasan yara. Kuma yau ba ranar jayayya ba ce."

"Ba harami a jikina. Ba ni makulli."

"Zo ka karɓa, in ka iya."

Ya san ba zan iya ba. Hanyoyi a toshe, mota ba ta barin layi, wanda ya bar aiki ranar Arfa kuwa baɗi ba za a kira shi ba. Na zauna ina kallon rana ta gilashi. Kowa na addu'ar kada ta faɗi da wuri. Ni kaɗai a filin nan nake so ta faɗi.

Sai da alhazai suka gama jifa aka sallame mu. Na hau benen da hantsi, Yaya na biye da ni yana haki. Tamfol ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Kwalin na can gefe, rabinsa a waje, an ɗora masa tukunya.

Shasi ya lanƙwashe kamar ayaba. Wannan bai dame ni ba, ruwan zafi da katako biyu za su miƙar da shi. Kan motar ya zauna a kan tayoyin gaba. Na sa hantsaki na zaro gilashin. Ya nannaɗe kamar busasshen ganye, gefe ɗaya ya yi fari. Na karkata shi wajen haske. Rabin yatsan ya shige cikin naɗin. Rabi na nan.

"Malesh, ba komai," in ji Yaya. "Sai a nemo wata sabuwa."

Na miƙa masa hantsakin. "Duba nan."

"Me zan gani? Datti ne."

"Yatsan Baba ne."

Ya daɗe yana kallo. Ya cire tabarau, ya mayar. Sannan ya ce, "Don me ba ka taɓa faɗa min ba?"

"Na ce maka ban da ɗakina."

Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ce na yafe ba. Shasin na miƙar, kan motar na gyara, na fesa mata kore irin na motar Baba. Gilashin ban sa shi a ruwan zafi ba, don in ya miƙe zanen zai tafi. Motar na nan ba gilashi. Gilashin kuma yana cikin gwangwanin alawa da auduga, kuma duk shekara tare muke zuwa Arfa.