Zakaran Gidan Doreen Pavlik

Da wuya ka sami ɗan asalin garin Kenlow da bai kai shekara hamsin ba wanda Doreen Pavlik ba ta taɓa daka wa tsawa ba. Ba wai masifaffiya ce ba, aikinta ne ya zo da haka. Tun tana amarya take tuƙa bas ɗin makaranta, ta kwashi yara da safe ta mai da su da yamma, har furfura ta cika mata kai. Gajeriya ce mai jiki, sai ta ɗora matashi a kan kujera kafin ta hango titi sosai, amma idan ta ɗaga ido ta kalli madubin da ke saman kanta, har yaran kujerar ƙarshe sai su shiga taitayinsu. Ta san wanda ke fitowa gida bai karya ba, shi ya sa ba a rasa biskit a aljihun rigarta. Ta san wanda iyayensa ke rigima, shi kuma sai ta zaunar da shi kusa da ita, ta yi ta jan sa da hira har a isa.

Da ta yi ritaya sai zama ya gagare ta. Mijinta Walt, wanda ya riga ta ajiye aiki a hukumar ruwa, mutum ne da zai iya wuni yana gyaran injin yankan ciyawar da lafiyarsa lau. Ita kuwa ta gwada saƙa ta jefar. Ta shiga ƙungiyar mawaƙan coci, aka roƙe ta cikin ladabi ta rage murya. Ana cikin haka yayarta da ke ƙauye ta sayar da gonarta, ta aiko mata da 'yan tsaki shida cikin kwali. Walt ya buga musu akurki a bayan gida ya shafa masa jan fenti, Doreen ta raɗa wa kowacce suna.

Biyar suka girma suka soma ƙwai. Ta shidan, wadda ake kira Betty, sai wuya ya yi ta tsawo, zanko ya fito ja wur. Wata safiya Betty ta haye kan akurki ta buɗe baki ta yi cara. Walt ya ajiye kofin gahawarsa ya leƙa taga.

"Dorie," in ji shi, "ina ganin Betty tana da labarin da za ta ba mu."

Doreen ta yi dariya har da hawaye, amma ta ƙi canja sunan. Betty ya ci gaba da zama Betty, yana cara kullum da asuba, wani lokaci har da tsakar rana in abin ya motsa masa.

Ba a jima ba duba-gari ya zo. Curtis Oyler ne, magidanci mai 'ya'ya uku da sanƙo, amma da Doreen ta buɗe ƙofa sai ya cire hula ya tsaya kamar ɗan firamare, domin shi ma a bas ɗinta ya girma. Ya gaishe ta, ya tambayi lafiyar Walt, ya yaba furanninta, sannan da ƙyar ya zo kan magana. Akwai tsohuwar dokar gari da ta hana kiwon kaji cikin unguwa, kuma wani ya kai ƙara. Ya ce ba shi da ikon faɗin ko wane ne. Doreen ba ta buƙaci ya faɗa ba. Idonta ya riga ya tsallake shingen baya zuwa gidan Gus Hathaway, dogon mutumin nan da ya tare bara da tsohuwar mahaifiyarsa, wanda labulensa kullum a rufe, in ka ɗaga masa hannu kuma sai ya gyaɗa kai kawai.

Curtis ya ce majalisar gari ce kaɗai za ta iya canja dokar, kuma kafin ta zauna, shi dai idonsa ba ya gani sosai kwanakin nan.

Washegari Doreen ta nufi ofishin jaridar gari mai fitowa duk mako. Editan, Marv Lindqvist, ya daɗe yana fama da ƙarancin labari, har makon da ya gabata fentin tankin ruwa ne ya cika masa shafin farko. Da ya ji abin da ke tafe da ita sai ya ɗauki kyamara ya bi ta gida. Jarida ta fito da hoton Doreen rungume da Betty, dukansu biyu suna harara.

Gari ya ɗauka. A shagon aski, a gidan burodi, a bakin coci, ba wata magana sai ta kaji. Wasu suka kafa alluna a ƙofar gidajensu suna cewa a bar wa mutane kajinsu. Wasu suka kafa nasu suna cewa nan gari ne, ba gona ba. Akwai gidan da miji ya kafa ɗaya, mata ta kafa ɗayan, alluna biyu suna kallon juna a kan ciyawa guda. Doreen ta yi ta bin gidaje tana raba ƙwai tana jan hankali, ta tsallake gidan Gus da gangan. Rabon da ta ji daɗin rayuwa haka tun ranar da ta miƙa makullin bas.

Zaman majalisa galibi bai wuce a ga mutum uku ko huɗu a kujerun jama'a ba, ɗayansu ma barci yake zuwa yi. Ran nan da yamma sai da aka aro kujeru daga laburare. Magajiyar gari, Yvonne Castellano, ta bubbuga 'yar gudumarta, ta ce kowa zai yi magana a taƙaice. Mutane suka yi ta tashi. Wani ya ce kaji na jawo ɓeraye, wata ta ce ɓerayen Kenlow ba su taɓa jiran gayyata ba. Da aka zo kan Doreen, ta tsaya ba ta ko taɓa lasifika ba. Ta yi maganar karnukan da ke haushi dare da rana, da injin hura ganye da ake tayarwa ranar Lahadi, da babur ɗin ɗan gidan likita, ta ce duk an yi haƙuri da waɗannan, sai a kan zakara ɗaya ne doka ta farka. Aka yi tafi. Ta koma ta zauna tana huci, ta shirya wa duk abin da Gus zai zo da shi.

Gus ya tashi yana murza hularsa a hannu. Muryarsa a ƙasa take, sai da ɗakin ya yi tsit aka ji shi. Ya ce shi ba ya ƙin kaji. Mahaifiyarsa Opal a gona aka haife ta, kuma yanzu tsufa ya taɓa mata tunani, sau da yawa ba ta sanin inda take. Duk lokacin da zakaran ya yi cara, sai ta ɗauka tana gidan mahaifinta, ta tashi ta nemi bokiti za ta tatsi shanu. Sau biyu yana tsintar ta a titi da rigar barci, ƙafa ba takalmi. Yanzu a kan kujera yake kwana a bakin ƙofa. Ya ce abin da ya kawo shi ke nan, ya koma zai zauna.

Doreen ta ji kamar an kwara mata ruwan sanyi. Ita da ke alfahari da sanin halin da kowane gida ke ciki, ga gida shinge ɗaya ya raba su, ba ta san komai ba. Ta miƙe tsaye.

"Misis Pavlik, kin riga kin yi naki," in ji magajiya.

"Yvonne, yi mini haƙuri kaɗan. Ni na yi haƙuri da ke da cingam ɗinki tun kina aji ɗaya."

Magajiya ta ajiye guduma tana danne dariya. Doreen ta juya ga Gus.

"Kai kuwa Gus, me ya hana ka ƙwanƙwasa mini ƙofa ka faɗa mini?"

"Na zo har bakin ƙofar," in ji Gus. "Na jiyo ki kina yi wa mijinki magana, sai na juya."

Daga can baya Walt ya ce, "Ban ga laifinka ba, ɗan'uwa."

Ɗaki ya kece da dariya, har Gus ya murmusa, abin da ba wanda ya taɓa gani. Da aka lafa, Doreen ta ce gobe-gobe Betty zai bar gari, ko majalisa ta ce wani abu ko ba ta ce ba. Majalisa kuwa ta jefa ƙuri'a, ta yarda a riƙe kaji 'yan kaɗan a bayan gida, amma ban da zakara.

Wasu masu gonar kabewa a bayan gari suka karɓi Betty. Doreen ta yi kuka a mota suna dawowa, ta ce wa Walt mura ce ke son kama ta. Suna isowa gida ta zagaya ta ƙwanƙwasa ƙofar Gus da kanta, ta ce tana neman wanda zai taya ta kula da kaji da la'asar.

Haka Opal ta soma zuwa. Walt ya buɗe 'yar ƙofa a jikin shingen, ya ajiye mata kujera kusa da akurki. Tsohuwar takan zauna da kwanon masara a cinya tana watsawa, tana kiran kajin da wasu sunaye nata na can da. Doreen ma tsohuwar da sunan ƙanwarta take kiran ta, Doreen kuma ta amsa ba musu. In Opal ta ɗauki ƙwai mai ɗumi a tafin hannu, fuskarta takan washe kamar ta yarinya. Gus kuwa a wannan lokacin yake samu ya miƙe a gado ya yi barci. Opal ta rasu a sanyin shekara ta biyu, cikin barcinta, kuma Doreen ce ta tsaya kan abincin masu zaman makoki.

Tun daga zaman nan majalisa ta shiga jinin Doreen. Ba ta ƙara fashin zuwa ba. Ita ta matsa har aka sa benci mai rumfa a tashar bas ta gaban asibiti. Ta yi yaƙin a ƙara lokacin buɗe wurin ninƙaya na gari, aka kayar da ita, ta yi fushi na mako guda. Marv ya ba ta fili a jarida, inda take ba da labarin wanda ya haihu, wanda ya tare, da wanda kyanwarsa ta ɓata. Ta taɓa tsayawa takarar kujerar majalisa ta faɗi, ba ta kuma damu ba, don ta lura 'yan majalisa ba su da damar yin tsaki in wani yana shirme, ita kuwa daga kujerun jama'a tana da ita.

Bana rigimar gari a kan mahaɗar titin gaban makaranta take. Wasu na son a yi shataletale, Doreen ta ce sai dai fitilar ba da hannu, domin ta san yadda yara ke tsallake titi. Gus yana cikin masu son shataletale. Idon Doreen ya soma rauni, ba ta tuƙi in rana ta faɗi, don haka shi yake ɗaukar ta a motarsa ranar zama. Tun daga ƙofar gida suke fara musu, su shiga ɗakin majalisa kowa ya zauna a ɓangarensa, in an tashi kuma su biya gidan burodi su sayo wa Walt kek ɗin tuffa.