Allurar da ta Ɓata Sunan Baba

Ana gobe kasuwar Gaya, a ƙarshen daminar da na shiga aji uku na lakwal, wato makarantar boko, na dawo daga tsinkar rama na tarar da tsohuwar motar Baba, ƙirar 404 da ake kira kat-san-kat, baki buɗe a ƙofar gida. Sambo makaniki yana kwance rigingine a cikinta, ƙafafu waje. Baba na riƙe da wani agogo mai allura ɗaya da ya samo wurin masu tarkacen mota a hayin gadar kan iyaka. Ya ce da irinsa motar ta fito tun tana sabuwa, saurin juyin inji yake nunawa. Waya uku Sambo ya ja: ɗaya zuwa makulli, ɗaya jikin ƙarfe, koriyar kuma ya kai ta bobin, gwangwanin nan da ke ba inji wuta. Da aka tada mota allurar ta zabura, Baba ya yi ta dariya kamar yaron da aka ɗinka wa kayan sallah.

Mata ƴan kasuwa ne abokan hulɗarsa. Yana kwasarsu zuwa Bana da Yelu da ƙunshin atamfa, wanda ba duka ne ya biyo ta gaban jami'an duwan masu karɓar kuɗin fito ba, kowa kuma ya san haka. Hajiya Gambi, shugabarsu, mace mai idon mikiya, ita ta fara lura. Ta ce, "Malam Idi, mota na tsaye, wannan kuma me yake ƙirgawa?" Baba ya yi bayani, ta gyaɗa kai kawai. Cikin satin nan duwan suka tare su a hanyar Yelu, suka zarce kai tsaye ga buhun albasar da ta ɓoye kayanta a ciki.

Shi ke nan, zance ya bi gari: agogon Malam Idi yana kai rahoto. A bakin rijiya mata sukan yi tsit in na iso da tuluna. A lakwal ƙawayena suka daina sa ni a gaɗa, wai kada in ƙirga musu tafi in kai wa duwan. Har Inna a gida, in za ta wuce motar sai ta rage murya. Baba ya buɗe inji a tasha ya bi wayar da yatsa har bobin, su dai gani suke akwai wata ta huɗu da ya ɓoye. Mota ta koma fita da kaji da buhunan gawayi.

Na ji masa ciwo ƙwarai ranar da ya haƙura. Ya kira Hajiya Gambi, ya sa hannu ya fizge koriyar wayar a gabanta, allurar ta kwanta. Ta duba, ta gyara mayafi, ta ce, "Da ba gaskiya ba ne, ai da ba ka cire ba." Sun dawo suna shiga motarsa, amma ba a ƙara yin hirar sirri a gabansa ba har ya bar tuƙi.

Yanzu jikokin matan nan suna tsallaka gada da salula a aljihu, wadda ta san duk inda suka taka, babu mai damuwa da ita. Baba kuwa ya rasu ba a wanke shi daga zargin ba. Har gobe ina jin zafin abin.