Launin Gashin Mahaifiyar Orpha

Duk wanda ya taso a garinmu ya san Orpha Kreider, ko don ɗankwalinta. Shekara talatin tana rarraba wasiƙu da mujallu a gidan waya, ba wanda ya taɓa ganin kanta a buɗe. Ni dai na gani, don ajinmu ɗaya a makaranta. Gashinta ja ne zur kamar jan bulo, yara suka yi ta mata tsiya har ta tsane shi. A dangin ubanta kaf babu mai irinsa.

Tana shekara biyu mahaifiyarta ta rasu. Cocinsu bai yarda da ɗaukar hoto ba, saboda haka abin da ya rage mata shafin mujalla ne guda na 1912, baƙi da fari: wata mata tsaye bakin taga tana ninke wanki. Wani mai yi wa mujallu zane, Elwood Tarr, shi ya zo hutu ƙauyen, ya roƙe ta ta tsaya masa. Uban Orpha bai yafe wannan ba, har ya mutu ko sunan matar ba ya kamawa.

Abu ɗaya Orpha take son sani a duniya, launin gashin uwarta. Takan zo shagona, inda nake yi wa hotuna firam, ta zauna kusa da murhu ta lumshe ido. Yau ta ba matar baƙin gashi da shuɗiyar riga, gobe ta canza mata zuwa ruwan zuma. Wani lokaci har ta ce tana jin ƙamshin sabulun wankin. Nakan yi kamar ina aiki, amma tausayinta ya ishe ni.

A wancan zamanin, in masu mujalla sun buga zane, sai su jefar da na ainihin, ko wani ma'aikaci ya tafi da shi gida. Orpha ta bi gwanjo, ta bi rumbunan mutane, har ta tara zanen Tarr goma sha tara. Ɗaya ma a jikin akurkin kaji ta ɓanɓaro shi, an toshe rami da shi. Mutanen da ke cikin zanen matuƙan jirgin ruwa ne, da mafarauta, da wani likita bisa doki. Kullum da safe sai ta gaishe su.

“Ke, gida cike da maza, ba wanda ya taɓa neman aurenki,” in ji ni.

“Sun fi ka hankali, Dewey. Su ba sa surutu.”

A 1974 jikar Tarr ta rubuto wa Orpha daga jihar Delaware cewa ta ga zanen wata mata mai wanki cikin tarkacen kakanta. Orpha ta je ta ɗauko shi a ƙunshe, ba ta leƙa ba, ta dire min kan tebur.

“Buɗe min.”

Na buɗe. Toka-toka ne daga sama har ƙasa. Sauran zanen da ta tara duk na bangon mujalla ne, masu launi. Na shafin ciki kuwa, tunda masu zane sun san ba da launi za a buga shi ba, da baƙi da fari suke yin abinsu tun farko. Na daɗe da sanin haka, ƙarfin halin gaya mata ne ban taɓa samu ba.

Ta daɗe tana kallo. “To, shi ke nan. Yi mata firam mai kyau.”

Na fara ɓanɓare tsohon kwalin da ya rufe gefen zanen. A wannan gefen ne masu zane kan bar wa edita saƙo da fensir, kuma Tarr ya bar nasa. Na juya mata ta karanta da kanta: “Kaico da ba za ku iya buga gashinta ba. Ga shi nan.” A ƙarƙashi ya dangwala fenti da babban yatsa, ja zur kamar jan bulo.

 Orpha ta kai hannu ta kwance ɗankwalin, a gabana, a tsakiyar shago. Gashin ya yi fari fat, ko silin ja ɗaya babu.

“Ashe duk shekarun nan tana kaina, Dewey, ni kuma ina rufe ta,” in ji ta. “Kada ka sake rufe gefen nan.”