Shaidar da Na Bayar a Kan Direba

A layinmu na unguwar Nima, kafin a ba mutum mata sai an zo shagona an tambayi halinsa. Ni tela ne kawai, amma an san ba na ƙarya, kuma hakan ya shiga kaina.

Wani maƙwabcina ya fara kawo mini koko da ƙosai kullum da safe. Sai ya zauna gefen keken ɗinki ya ce, "Malam, na sake ganin direban nan na layinmu yana fitowa daga gidan giya a unguwar Circle. Kar ka gaya wa kowa."

Da kawun wata yarinya da direban ke nema da aure ya zo bincike a kansa, na ce yana sha. Bai tambaye ni ko na gani da idona ba. Aka fasa auren.

Bayan Sallah ƙanen maƙwabcin nawa ya auri yarinyar. Tun daga ranar ban sake ganin koko ba.

Direban ya koma unguwar Maamobi. Har yau in ya wuce da motarsa, sai ya rage gudu ya gaishe ni da girmamawa. Bai san daga bakina maganar ta fito ba.