Ramuwar Da Na Ɗaura a Injin Abokina

Edita, ka ba ni fili in sauke abin da na daɗe ina dakonsa ni kaɗai, amma ka sakaya sunana.

Lokacin da abin ya faru ni bakanike ne a Jibiya, shekarata talatin da 'yan kai, ina da rumfar gyara a bakin titin da ya nufi iyaka. A Maraɗi na koyi aiki wurin wani dattijo, na dawo gida da iya aiki da kuma girman kan da ya fi iya aikin yawa. Direbobin a-kori-kura masu ɗauko hatsi daga ƙauyuka kullum kukansu ɗaya ne, in mota ta sha buhuna ta shiga yashi ba ta da ƙarfin tashi. Turbo yana ƙara wa inji iska, amma hayaƙin salansa ne ke juya shi, sai inji ya ɗau gudu kafin ya farka, kafin nan tayoyi sun nutse. Sufacaja kuwa bel ne ke jan ta daga jikin inji, tana hura iska tun daga tashi, sai dai in gudu ya yi nisa ƙarfinta ya ƙare. Na ce a raina me zai hana in haɗa su a inji ɗaya, ita ta tayar da mota, shi ya karɓa daga hannunta.

Wata bakwai na yi ina fama da tsohuwar a-kori-kurata. Saboda son a sani, ban tashi gwada ta ba sai ranar kasuwa, a tsakiyar tasha. Ina taka totur tiyon iska ya fashe da wata irin ƙara, kuma a garinmu ƙara irin wannan ba abin wasa ba ce, sai a ɗauka harbin bindiga ne. Jama'a suka watse, masu tuwon madara suka zubar da farantai, ni kuma na fito baƙi ƙirin da hayaƙi. Da ƙura ta lafa, sai wani direba ya haye kan buhuna, abokina tun na ƙuruciya, wanda muka tashi muna cin tuwo a kwano ɗaya. Ya ɗaga murya yana cewa a zo a ga Mai Huhu Biyu, wanda ya yi wa mota huhu biyu amma ta kasa numfashi. Tasha ta kwashe da dariya. Bai tsaya nan ba, ya bi direbobi yana cewa duk mai son injinsa kada ya kai shi rumfata. Sunan ya bi ni har masallaci, matata ta je biki aka kira ta da shi ta dawo tana kuka. Wata uku ina zaune a rumfa ina korar ƙuda. Da baƙo ne ya yi mini haka da na manta, amma shi ya san daren da na raba da ranar da na sha a kan injin nan, kuma wallahi tun daga ranar na ƙulle shi a zuciyata.

Na koma na gyara kuskurena. Na sa ƙarfafan tiyo, na ƙara lagireto mai sanyaya iska, na daidaita inda sufacaja za ta saki turbo ya karɓa. A karo na biyu motar ta ratsa yashin gulbi da cikakken lodi ba tare da an tura ta ba, direbobi suka dawo suna bin layi. Bayan kamar shekara sai ga abokin nawa da motarsa, yana dariya kamar bai taɓa yin komai ba. Ya dafa kafaɗata, ya kira ni da wannan sunan dai, ya ce ai yanzu huhun ya warke, shi ma a sa masa. Ko kalmar ban haƙuri ɗaya ba ta fito daga bakinsa ba. Na yi murmushi na ce ya bar makulli.

Aiki na yi masa mai kyau, in ban da wuri ɗaya. A jikin turbo akwai wani ɗan bawul da ke buɗewa ya rage ƙarfi in iska ta yi yawa, kuma noti ɗaya ne ke daidaita shi. Na sa sufana na ƙara masa juyi huɗu, don kada bawul ɗin ya buɗe a kan lokaci. Na san abin da nake yi sarai, daɗi ma na ji. Burina injin ya buga masa a gaban jama'a ranar kasuwa, in haye kan buhuna kamar yadda ya hau, har kalmomin da zan faɗa na tanada. Da ya gwada motar ya ji yadda take fizga, ya rungume ni yana cewa bai taɓa tuƙa irinta ba. Mako uku ina zuwa tasha duk ranar kasuwa ina jira.

Ba a tasha abin ya faru ba. Wata rana da la'asar yana dawowa daga Riko da gero, mata shida zaune a kan buhuna, turbo ya ci kansa, baƙin mai ya riƙa kwarara cikin hanyar iska, inji ya koma shan man jikinsa. Ya tsaya ya zare makulli, inji bai mutu ba, sai ƙara kururuwa yake yi yana fitar da farin hayaƙi. Duk direban mota mai shan gas ya san maganin wannan shi ne a toshe bakin iska da tsumma. Da ya gudu da ya tsira, amma akwai tsohuwar da ta kasa dira daga kan kaya. Ya tuɓe rigarsa ya naɗe a hannu, ya buɗe gaban mota ya miƙa, bel ɗin sufacajar da na ɗaura ya kama rigar ya ja har da hannun. A asibiti a Katsina aka yanke hannunsa na dama daga wuyan hannu.

Wanda ya kawo mini labari da cewa injin abokina ya buga ya fara, kuma kafin ya ƙarasa magana na riga na yi dariya. Wannan dariyar har yau ina jin ta a kunnena. Da aka jawo motar zuwa rumfata, kafin kowa ya leƙa na mayar da notin juyi huɗu baya. Ba wanda ya zarge ni. Shi da kansa yake gaya wa mutane laifinsa ne, ƙafarsa ce mai nauyi a kan totur. Yanzu kamasho yake yi a tashar da ya taɓa zama gwanin direbobinta, yana kiran fasinjan Maraɗi.

Bara, gab da azumi, ya zo rumfata ya zauna a kan benci. Ya ce ya yi ta tunani, yana ganin haƙƙina ne ya kama shi, don Allah in yafe masa sunan da ya laƙa mini. Ba zan ɓoye ba, wani sashe na zuciyata cewa ya yi ashe ka sani, sai yanzu. Bakina kuma ya ce na yafe. Na buɗe baki in faɗi nawa, na dubi dungulmin hannun a kan cinyarsa, na kasa.

Abin da na koya shi ne, na auna iskar da zan ƙara wa inji, amma ban isa in auna inda ramuwa za ta tsaya ba. Kunya na shirya masa ta yini ɗaya, hannu ta ɗauke. 'Yan uwana masu sana'ar hannu, duk wanda kuke fushi da shi kada ku karɓi makullinsa, ku zage shi a fili in kun ga dama, ku tura shi wata rumfar. Ku taya ni addu'a Allah Ya ba ni ƙarfin gaya masa kafin ɗayanmu ya mutu. Kullum da safe yana wucewa ta gaban rumfata ya ɗago mini hannun hagu, ni kuma in ɗaga masa na dama, wanda ya juya notin.