Farar Rigar da ke Cikin Akwatin Maigidana

Ko da idona ya rufe gaba ɗaya, ba zan manta da safiyar da rana ta yi duhu a Zuru ba. Ban yi makaranta ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma duk inda na tsaya kuka ne ya tsayar da ni.

Maigidana tsohon soja ne. Da ya bar aiki ya dawo gida ya kama noma, ya kuma riƙe ibada da ƙarfi. Duk wa'azin da fasto ya yi a kan dawowar Yesu, shi da kunnen soja yake ji. Ya sa aka ɗinka masa farar riga da wando, ya goge su da dutsen guga na gawayi, ya ninke a akwatinsa na ƙarfe tare da takalmin da ya sha mai. Ba ya sa su ko ranar Kirsimeti. Nakan tsokane shi in ce, "Maigida, asu zai riga ka sa rigar nan." Sai ya ce, "Ke ba ki san fareti ba. In aka busa ƙaho, ba a jiran mai neman takalmi."

Amma akwai ƙaninsa da ke zaune a Rikoto, wanda ba sa magana. A al'adarmu saurayi yakan yi shekaru yana noma a gonar surukinsa kafin a ba shi mata, shi ne golmo. Lokacin da ya kamata maigidana ya yi golmon aurena yana bariki, ƙanin nan ne ya yi a madadinsa har tafin hannunsa ya tsage. Shi ya sa in ya gan ni yakan ce, "Matata, ni na yi noma, wani ya ɗauke girbin." Bayan rasuwar mahaifinsu suka saɓa a kan itacen ɗorawa da ke kan iyakar gonakinsu. Magana ta yi zafi, maigidana ya ce kada ya ƙara taka masa gida. Tun daga nan, ko a coci kowa da gefen da yake zama.

Ranar da nake ba ku labari, da rani ne, hantsi ya ɗaga, ina sussukar dawa a bakin rumbu. Sai na ga haske yana raguwa alhali babu hadari ko kaɗan. Iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki. Maƙwabtanmu Musulmi suna ta salati, wata mata a bayan katanga tana kiran 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Daga baya muka ji an sanar a rediyo cewa za a yi husufin rana, amma namu rediyon ya daɗe da lalacewa.

Maigidana ya ɗaga kai sau ɗaya ya ce, "Ya zo." Ya shiga ɗaki, na ji ƙarar murfin akwati. Kafin in ajiye taɓarya ya fito fari fat, takalmi yana ƙyalli, ya tsaya a tsakar gida ƙafa a haɗe, ƙirji a gaba. Ni kuwa na durƙusa da ƙaiƙayi a kaina ina addu'a.

Can sai na ji numfashinsa ya canja. Na ɗago kai na dube shi. Mutumin da ya je yaƙi ya dawo ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar. Ya ce a hankali, "Uwargida, in ya tambaye ni ina ƙanena, me zan ce masa?"

Na ce, "Rikoto ba nisa."

Ya fita da gudu, tsoho da ciwon gwiwa, ni ma na bi shi ba ko ɗankwali. Yana tafe yana kiran sunan ƙaninsa na yarinta, wanda na yi shekaru ban ji a bakinsa ba. Mun gangara dutse, mun kusa ƙetare rafi, har muna hango rufin gidan, sai haske ya soma dawowa. Zakara ya yi cara. Mutane suka fito suna dariya suna yi wa juna barka.

Maigidana ya tsaya. Ya dubi sama, ya dubi takalminsa da ya yi ƙura. Na ce, "Mu ƙarasa mana, ga gidan can." Sai ya ce, "Haka zan shiga masa gida kamar ango, a yi mini dariya? Ashe da sauran lokaci. Bari a yi shuka tukuna, zan je da kaina." Na roƙe shi, ya juya. Muka koma gida, ya wanke rigar, ya goge, ya mayar akwati.

Ruwan farko ya sauka, yana tsakiyar shuka ya faɗi a gona. Kafin a kawo shi gida rai ya yi halinsa.

Ƙaninsa ne ya fara isowa. Shi ya karɓi diga ya haƙa kabari, bai bari kowa ya karɓe shi ba. Da na buɗe akwati na miƙa masa farar rigar a sa wa yayansa, na gaya masa inda muka tsaya ranar husufi. Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ya ce, "Matar yaya, ni ma ranar na fito. Ina bakin ƙofata ina jira duhun ya ƙaru in taho." Ɗorawar nan tana nan, kowace shekara 'ya'yanta su zube, babu mai ɗiba a cikinmu.

Hukuncin maigidana yana hannun Mai Jinƙai, ba nawa ba ne. Amma abin da ranar ta koya mini shi ne, shirin tarbar Ubangiji ba a akwati ake ajiye shi ba. Duk abin da ka san za ka yi da gudu in rana ta yi duhu, ka tashi ka yi shi yau tana haske. Shi dai maigidana, nasa ƙahon an busa shi da rana tsaka, da iri a hannunsa.