Motar da Kakana Ya Shafa wa Man Shanu

Sa ɗaya da jakuna biyu. Abin da mahaifina ya zuba ke nan a kan wata 'yar mota, kuma su ne dukan dabbobin aikinmu. Har yau idan roba ta yi zafi a shagona na ji ƙaurinta, lissafin nan ne ke fara zo mini.

Shekarun da suka biyo bayan babban fari ne. Gyaɗa ta daina yin kyau a ƙasarmu, masu sayenta a Magariya suka fara tattara kayansu. Cikin abin da suka sayar har da motar da wani nasara ke zagaya rumbunan gyaɗa da ita. Ba ta da ƙofa, ba ta da gilashi. Kujera ɗaya ce, injin yana ƙarƙashinta, ana tayar da shi da igiya, ga sanda ɗaya ta gaba da baya. Mahaifina ya lissafa cewa idan ya ɗaura mata amalanke, abin da jakuna ke kaiwa kasuwar Dungas a sawu uku za ta kai a sawu ɗaya. Lissafin ba shi da laifi. Da ƙafarta ta zo ƙauyenmu, ya ajiye ta gindin gawo yana jiran a gama girbi.

Ranar da aka loda buhunan wake na maƙwabta, ya ja igiya, ta tashi nan take. Ya tura sanda gaba, ya taka. Injin ya yi ta kururuwa, hayaƙi ya turnuƙe, kaji suka watse, motar ko motsi. Masu wake suka tsaya suna kallo. Da rana ta take, kowa ya sauke buhunsa ya tafi neman jaki.

Abin da mahaifina ya yi bayan nan shi nake gani masu moto, wato babur, suna yi har gobe: ya bi inda ƙara take. Ya kwance buji, wato filogi, ya goge, ya tace isansi, wato fetur, da ƙyallen rawani, ya busa duk wata kafa da ya gani. Injin ya ƙara lafiya, motar tana nan inda take. Wani dillali daga hayin iyaka ya ji labari, ya zo ya zagaya ta, ya ce zai ɗauke ta a kuɗin jaki ɗaya don ya cire injin. Ya ce zai dawo ranar kasuwa mai zuwa. Mahaifina bai ce masa a'a ba.

Mahaifiyata ce ta aika wa ƙanenta, kawuna, wanda ke aiki a injin niƙa a Magariya. Da ya zo bai taɓa injin ba. Ya ce abin da ke magana lafiya ba shi za a tuhuma ba. Ya sa muka tura ta, ta gangara, ya ce to birki bai riƙe ba. Ya kaɗa sandar gaba da baya, ya ji tana shiga. Sannan aka ɗaga bayanta aka ɗora kan turame biyu. Da aka tayar, ƙafafun suka juya a iska. Ya sa tafin takalminsa ya taɓa ɗaya, ta tsaya cak. Ya ɗaga kujera ya leƙa. Akwai wata igiyar roba mai faɗi da ke ɗaukar ƙarfin inji zuwa ƙafafu, wadda muke kira bel. Faifan inji yana ta juyawa a cikinta, ita kuwa tana zaune tana sheƙi. Ya kashe, ya shafa da yatsa, ya sansana.

"Wa ya ba ta man shanu?"

Kakana yana zaune kan buzunsa a inuwa. Baduku ne, kuma duk ƙarshen damina sai ya bi kowace fata ta gidan, daga wasaki zuwa linzami, ya shafe da man shanu kada ta tsage. Ya ɗaga kai cikin jin daɗi.

"Ni ne. Na ga ta bushe kamar ba ta da mai ita. Sau uku na yi mata."

 Kawuna suruki ne a gidan, sai ya hau duban farcensa. Mahaifina ya buɗe baki ya rufe, don ba a gaya wa uba ya yi ɓarna a gaban mutane. Ni kaɗai nake da izinin magana, saboda wasan jika da kaka.

"Tsoho, ka shafe mana sa da jakuna biyu," na ce.

"Kai tafi can, abokina. Kai ma da man na goya ka, ga ka nan kana gudu."

Aka yi dariya, aka bar maganar a nan. Amma kakana ya gane. Shi ya tashi ya ɗebo toka da kansa, ya zauna yana cuɗa bel ɗin kamar yana jimar fata. Kawuna ya wanke faifan da isansi. Da aka mayar da bel ɗin, motar ta motsa. A ƙasa mai tauri tana tafiya, a rairayi kuwa sai ta koma kuka a tsaye, domin robar ta riga ta sha mai. Da dillalin ya dawo, mahaifina ya tuƙa ta ya wuce ta gabansa. Sabuwar bel sai daga Kano aka sayo, da kuɗin tunkiyar mahaifiyata, kuma kafin ta iso an gama jigilar wake.

Yanzu ƙauyenmu moto ya fi jaki yawa, ni kuma kayansu nake sayarwa. Wanda ya zo ya ce tana tashi ba ta tafiya, ba na sayar masa da buji. Nakan tambaye shi wa ya yi mata gata kwanan nan.

Motar ta yi mana rani biyu kafin ƙafafunta su ƙare. Aka sayar da injin ga mai niƙa, aka sayi jaki ɗaya. Mahaifina ya mayar wa mahaifiyata tunkiyarta. Sa da ɗayan jakin ba su dawo ba.